Jiminar Hukuma a Gidanmu

Da sunan Allah nake farawa, Shi da yake riƙe ruwa a sama har lokacin da ya so, ya kuma sake shi a ranar da ya so.

Bana bazara ta daɗe a Agadas. Watan da muke sa ran jin ƙamshin ƙasa ya shiga har ya kusa fita, ƙoramar Telwa tana nan a bushe, yashinta fari fat kamar ruwa bai taɓa bi ta kansa ba. Tun da hantsi bango yake ɗaukar zafi, in ka jingina da shi ya ƙona ka ta cikin riga. Kuran lantarkin da ke zo mana daga Cirozerin yana zuwa yana tafiya yadda ya ga dama. Ni na daina jiransa. Na koma zaure da mahucin kaba, inda mahaifina yake zama a zamaninsa.

A nan wata ma'aikaciyar gandun daji ta same ni ranar Talata bayan azahar. Yarinya ce, ba ta kai ƴata Hadiza shekaru ba, sanye da kaki kore, da ɗankwali a ƙarƙashin hula. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ta ce sunanta Ramatu.

"Baba Malam, an ce akwai tsohuwar garka mai katanga a ƙuryar gidanku, babu kowa a ciki."

"Akwai," na ce.

Ta ba ni labari a hankali. Sun tare wata mota a hanyar arewa, wadda ke bi ta Sigidin ta wuce Libiya. A ƙarƙashin kaya, tsakanin bidunan ruwa, suka tarar da bareyi uku a ɗaure. Biyu sun riga sun mutu. Ta ukun tana numfashi. A biro ɗinsu, wato ofis, babu inuwa, babu ƙasa, sai siminti da motoci. Suna neman inda za ta zauna har damina ta sauka ta yi ƙarfi, a mayar da ita daji.

"Ƙasa ta sa hannu a gaban sauran ƙasashe, Baba, cewa za ta kare abin da ya rage. Ba zaɓi ba ne, dole ne a kanmu."

"Na taɓa jin wannan maganar," na ce mata. "A wannan zauren, da muryar namiji."

Hadiza ta shigo da ruwa a daidai lokacin. Ta aje kwanon a gaban baƙuwa da ƙarfin da ya fi na aje kwano.

"Ranki ya daɗe, gidan nan ya taɓa yi wa hukuma kiwo sau ɗaya," ta ce. "Sha ruwa."

Na ce wa Ramatu ta dawo ranar Alhamis. Da ta tafi na zauna ina kallon ƙofa, sai ga wancan fari ya dawo mini, na shekara arba'in da wani abu da suka wuce.

A lokacin mu biyar ne a gidan. Baba, Malam Attahir, marubucin littattafai ne, ni kuma ina taya shi rubutu da ɗinkin gafaka. Ga Inna, ga matata Mariyama, ga Hadiza a goye, ba ta fi wata huɗu ba. Ta shida ita ce Tambara.

Tambara jimina ce. Wani Ba'abzine abokin Baba, mai suna Bazo, ya kawo ta tana ƴar ƙarama a cikin kwando, shekara uku kafin farin, ya ce sadaka ce ga malam. Ta girma a garka har kanta ya wuce katanga, tana leƙa duk abin da ake yi a tsakar gida. Inna ce ta sa mata sunan saboda tafiyarta ta isa, irin ta matan sarauta. Ba abin da ba ta haɗiya. Ta haɗiye ɗan kunnen Mariyama, ta haɗiye ƙwayoyin tasbahar Baba guda biyu, ya ce to aƙalla cikinta yana zikiri. Dusar gidan duka tata ce, da ganyen albasar da masu jakuna ke saukewa daga Tabelot. A lokacin ba wanda yake ɗaukar dusa abinci.

Daminar farko ta yi rowa. Ta biyun ba ta zo ba sam. Hadari yakan taru a gabas da la'asar, baƙi, mu fito mu tsaya, sai iska ta tashi ta watsa shi, a bar mu da ƙasa a haƙora. Makiyaya suka fara saukowa daga duwatsu, da farko da ragowar awaki, daga baya da tukunya da tabarma kawai. Suka kafa bukkoki a bakin gari. In iska ta juyo daga can, warin mushe take kawowa har cikin masallaci. Ayarin da ke kawo hatsi daga kudu ya riƙa zuwa da raƙuma marasa kaya. Ba wanda yake son a rubuta masa littafi. Abincin gidanmu ya koma sau biyu, sannan sau ɗaya, bayan magariba. Hatsi ya ƙare muka koma jar dawar taimako, wadda ake bin layi tun asuba a karɓo tiya ɗaya. Inna ta tuna da hanza, ƴaƴan itacen daji masu ɗaci, ta jiƙa ta kwana da kwanaki tana zubar da ruwan ɗacin.

Namun daji ma yunwar ta koro su. Barewa takan zo har bakin rijiya ta tsaya, ba ta da ƙarfin gudu, a buge ta da sanda. Shi ya sa masu gandun daji suka shiga zagaya gidaje.

Wanda ya zo mana sunansa Ajidan Sumaila, mutumin kudu, dogo, mai magana a hankali. Ya leƙa garka, Tambara ta leƙo shi. Ya daɗe yana kallonta kafin ya dawo zaure ya zauna a gaban Baba.

"Malam, ka san wannan tsuntsuwa ba a riƙe ta a gida?"

"Ban kama ta ba. Ba ni aka yi."

"Na sani. Amma irinta sun kusa ƙarewa a Abzin. Ƙasa ta sa hannu cewa za ta kare su, kuma in ƙasa ta sa hannu, dole ta cika. A doka, yau ya kamata in tafi da ita."

"To ga ta nan."

Ajidan ya yi dariyar da ba ta da daɗi. "In kai ta ina? Ba ni da mota, ba ni da ruwa. In na sake ta a daji, kafin la'asar tana cikin tukunya. Abin da zan yi, zan rubuta cewa ta hukuma ce, tana hannunka. Ba yankawa, ba sayarwa. Za mu riƙa aiko da abincinta in ya samu. In ruwa ya sauka, mu zo mu ɗauka."

Ya cika takardarsa da Faransanci, ya karanta mana ma'anarta, ya fito da ɗan akwatin tawada ya buɗe.

"Kawo babban yatsa, Malam, ka dangwala a nan."

Na ga fuskar Baba ta sauya. Mutumin da ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa tun daga farko har ƙarshe, ba sau ɗaya ba, a ce masa ya dangwala yatsa.

"Alhusaini, miƙo mini alƙalami da tawada," ya ce da ni.

Ya juya takardar, ya ɗora ta a kan allo bisa gwiwarsa, ya rubuta da ajami a bayanta, yana faɗa a bayyane kamar yadda yake yi in yana rubuta wa mutane wasiyya. Ni Attahir ɗan Bilal na karɓi wannan jimina amana daga hannun hukuma. Ba zan yanka ta ba. Ba zan sayar da ita ba. Ya tsoma alƙalami, ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba. Ba zan bar ta da yunwa ba, har mai ita ya zo. Allah ne shaida.

"Malam, ban ce ka rubuta duk wannan ba," in ji Ajidan.

"Haka ake rubuta amana a gidan nan. Ba a barin ta da ƙafa biyu."

Ya barbaɗa yashi a kan tawadar, ya busa, ya miƙa masa. Ni ma a ranar na ji daɗin yadda Baba ya nuna masa rubutu. Ba zan ɓoye ba.

Daga nan kwanakin suka zama iri ɗaya. Bayan sallar asuba ni da Baba mu ɗauki buhu mu fita. Jakinmu ya riga ya mutu. Muna tsintar ƴaƴan ƙaya a gindin itatuwa, da busassun ganyen aduwa, da gunar daji in mun dace, mai ɗacin da akuya ma ba ta so amma Tambara tana haɗiyewa. Kowane mako sai mun ƙara nisa, don ba mu kaɗai ke tsinta ba. Matan bakin gari suna gabanmu, su don ƴaƴansu suke yi. Mukan haɗu, mu gaisa, kowa ya kawar da ido daga buhun wani. Kafin rana ta take mu dawo, ƙafa ta fashe, harshe ya manne a ganda. Inna da Mariyama su kuma suna cikin Telwa, inda maza suka haƙa yashi har tsayin mutum biyu, ana jiran ruwa ya tsatso a kwasa da ƙoƙo. Tulu biyu suke samu. Ɗaya namu, rabin ɗayan na Tambara.

Da rana ba wanda yake motsi. Kowa ya kwanta inda inuwa ta same shi. Ba a hira, don magana ma tana cin ƙarfi. Abin da nake tunawa shi ne ƙarar ƙudaje, da numfashin Tambara daga garka, baki buɗe.

Ajidan ya zo sau ɗaya da rabin buhun dusa a kafaɗarsa. Na lura ya huda sabbin ramuka a ɗamararsa. Bai ce daga biro ta fito ba, mu ma ba mu tambaya ba. Bayan haka muka ji an tura shi gabas, wajen Kawar. Ba wanda ya sake zuwa.

Unguwa ta san abin da ke cikin garkarmu, tunda kanta yana sama da katanga. Maƙwabcinmu Illo mahauci ne, ya yi wata biyu bai ga abin yankawa ba. Kullum in mun wuce da buhu sai ya ɗago daga tabarmarsa.

"Malam, barka da kiwo. Ya matar gwamna? Ta karya kumallo?"

"Ta karya, Illo. Ta ce a gaishe ka."

Wata rana ya biyo mu har zaure, ya bar wasa.

"Malam, naman nan zai riƙe unguwar nan kwana uku. Manta kaɗai zai tayar da mutum biyar daga kwance. Ka ce mutuwa ta yi. Wa zai faɗa? Ni? Ko wanda ya ci?"

"Wanda na sa shaida ba ya bukatar a faɗa masa."

"Liman ya ce lalura tana halatta abin da ya fi wannan."

"Na sani. Ni na karantar da shi babin. Amma har yanzu muna tashi tsaye mu yi salla, Illo. In mun kasa, zan aiko maka."

Illo ya kaɗa riga ya fita yana cewa, tsuntsuwa ta samu uba, mutane sun rasa.

Sai nonon Mariyama ya fara ja baya. Kukan Hadiza ya sauya, ya koma siriri, kamar na ƴar kyanwa a wani gida. Daga baya ta rage yin sa, wanda ya fi muni. Mariyama ba mai yawan magana ba ce. Wata rana da hantsi ta kwance goyo ta ɗora mini ita a cinya.

"Malam," ta ce da ni, "ni ban ce komai ba. Ka dai dubi wuyan wannan, ka je ka dubi wuyan waccan."

Baba ya ji daga zaure. Da magariba ya ce daga yau duk dusar da ta fito daga turmi, da ragowar wadda Ajidan ya kawo, a dama wa Mariyama. Abincin Tambara kuma a bar masa, shi ya san yadda zai yi. Tun daga ranar ya shiga azumi, kullum, ya ce nafila ce ta roƙon ruwa. In an sha ruwa sai ya ɗauki akushinsa ya nufi garka, ya ce can ya fi iska. Ya dawo da shi a wanke. Ba wanda ya ga wani abu a cikin wannan. Yunwa tana rage wa mutum gani. Kowa idonsa yana kan nasa kwanon.

Nonon ya ɗan dawo, amma bai isa ba. Ranar da Hadiza ta yini ba ta buɗe ido sosai ba, na je wurin Illo na ce ya ara mini wuƙa. Bai tambaye ni komai ba. Ya ce in na kayar da jiminar in buga katanga sau biyu.

Rana tana tsaka na shiga garka. Tambara tana kwance a gindin dabinon da ya bushe, gashinta ya zube a wurare, fatar cinyarta a waje. Ta ɗago kai ta dube ni da wannan babban idon nata mai gashi, ba ta tashi ba. Na matsa. A cikin kaskon da muke zuba mata abinci na ga wani abu ja ya manne a gefe. Na duƙa. Tuwon jar dawa ne, ragowar loma biyu da suka bushe. Ƙanana, masu zagaye, da gurbin babban yatsa a tsakiya. Mutum ɗaya ne a gidanmu yake yin loma haka.

"Wuƙar Illo ce?"

Baba yana zaune a ƴar inuwar katanga, ban gan shi ba da na shigo. A ranar na dube shi sosai, karo na farko cikin makonni. Rawaninsa ya yi masa yawa. Wuyan hannunsa bai fi alƙalami uku a haɗe ba.

"Ba ta da kaifi," ya ce. "Tun zamanin ubansa haka take."

"Baba, tun yaushe?"

"Ban ƙirga ba."

"Ba ka cin komai?"

"Ina shan ruwa. Ina cin dabino ɗaya in akwai." Ya gyara zama da ƙyar. "Ka ji, Alhusaini. Ni na rubuta, ba kai ba. In ka yanka, ba ka da laifi a wurin Allah, ba ka da shi a wurina. Ƴarka ce. Ka bari dai in shiga ciki tukuna."

Ya dafa katanga zai tashi, ya kasa, ya sake gwadawa. Na tsaya da wuƙa a hannu ina kallonsa. Ina neman fushi a cikina ban samu ba. Na nemi tausayi, shi ma babu. Abin da na ji kawai shi ne wuƙar tana da nauyi, rana kuma tana dukan ƙeyata. Na aje ta a kan katanga, na kama shi na kai shi ɗaki. Da la'asar na mayar wa Illo abarsa.

Har yau ban san me ya hana ni ba. Ko tsoron Allah ne, ko kunyar Baba, ko kuwa ƙarfin kayar da jimina ne ba ni da shi. Na daɗe ina so ya zama na farkon. Mai yiwuwa na ukun ne.

Na gaya wa Inna. Ba ta yi faɗa ba. Da magariba ta ɗauki akushin da kanta ta zauna a gabansa.

"Malam, ci ina gani."

"Tamu, kin mayar da ni yaro."

"Yaro ya fi ka wayo. Ci."

Ya ci loma uku. Cikinsa ya riga ya manta da abinci, bai riƙe ba. Muka koma raba na Tambara daga kwanon kowa, loma ɗaya ɗaya, har da Mariyama, wadda ta miƙo nata ba tare da ta dubi kowa ba. Wata mata daga bakin gari, wadda ɗanta ya rasu nononta bai ƙafe ba, ta riƙa zuwa tana shayar da Hadiza, Inna tana ba ta kunu. Da haka yarinyar ta tsaya. Baba kuwa zawo ya kama shi, irin wanda yake ta ɗaukar tsofaffi a gari a lokacin.

Kwana biyu kafin ya cika ya kira ni. Muryarsa sai ka kai kunne.

"In mai ita ya zo, ka karɓo takardar."

"To, Baba."

"Shaɗara ta ukun nan, ni na ƙara ta. Ba a tambaye ni ba." Ya dubi hannunsa. "Hannu ne ya saba."

Allah ya karɓe shi ranar Laraba da hantsi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Mu huɗu muka ɗauki makara, dukanmu da yunwa, amma har maƙabarta ba wanda ya nemi a karɓe shi. Illo yana gaba. Da muka dawo mutane suka zazzauna a zaure. Na zauna da su kaɗan, sannan na tuna Tambara ba ta ci komai ba tun jiya. Na ɗauki buhu na fita. Ban yi kuka ba a ranar, ban yi ba daga baya. Na jira ya zo, bai zo ba.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka ruwa ya sauka. Ƙamshin ne ya fara zuwa, tun kafin ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa. Sannan ya zubo kamar da bakin ƙwarya, indararo suna amai, yara suna gudu tsirara a lungu. Washegari Telwa ta sauko daga duwatsu, ja, ɗauke da itatuwa da ƙasusuwan dabbobi, gari duka ya fita kallo. Tsofaffi suna hawaye suna hamdala. Ni ina tsakar gida. Tambara ta miƙe a cikin ruwan, ta buɗe fukafukanta da suka zube, ta shiga juyi a wuri ɗaya, tana juyi tana tangaɗi kamar za ta faɗi. Inna ta tsaya a ƙofar ɗaki tana kallonta, ta juya ta koma ciki. Ni abin da ya zo mini a rai shi ne rufin zaure yana yoyo a kan littattafai. Na je na kwashe su.

Ajidan Sumaila ya dawo bayan ciyawa ta yi tsawo, da kamyo, babbar motar kaya, da mutum huɗu. Ya yi sallama yana murmushi, ya ce ina Malam. Na gaya masa. Na gaya masa har da akushin, ban san dalili ba. Ya cire hula ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba.

"Takardata ba ta ce haka ba," ya ce.

"Na sani."

"Wallahi ba ta ce haka ba."

"Na sani, Ajidan. A baya aka rubuta."

Suka rufe mata kai da ƙyalle, ta yi laushi, suka tura ta cikin kamyo. Ya ce za a kai ta arewa, cikin Abzin, inda aka keɓe wa irinta wuri. Na roƙe shi takardar. Ya ce ta biro ce, sannan ya ciro ta daga jaka ya ba ni. Illo yana tsaye a ƙofarsa har motar ta sha kwana. Bai ce matar gwamna ba. Ya ce, "To, ta tafi," ya shiga gida.

Bayan wasu shekaru ɗan Bazo ya ce mini ya ga jiminu bakwai a wani kwari, wataƙila tana ciki. Sannan shekarun tashin hankali suka zo, bindiga ta yi yawa a duwatsu. Da ƙura ta lafa ba a sake ganin ko ɗaya ba. Jikokina a hoto suka san jimina.

Ban taɓa cewa dokar ba ta da kyau ba. Na ga Abzin da namun dajinsa, na kuma gan shi babu su, na san wanne ya fi. Ƙasa ta yi alkawari, alkawari kuwa kaya ne. Na dai ga kan da kayan ya sauka a wancan karon.

Daren Laraba, kafin Ramatu ta dawo, ban yi dogon tunani ba. Da safe na buɗe gafakar Baba na ciro takardar. Faransancin ya koɗe, da ƙyar ake ganinsa. Ajamin yana nan baƙi ƙirin, don tawadarmu da ƙaro ake dafa ta. Na karanta, na mayar.

Ramatu ta zo ranar Alhamis bayan la'asar. Na ce mata na yarda, amma da sharaɗi. Abincin dabba ya riga dabba shigowa gidan nan. In buhu ya kai rabi ba a kawo wani ba, zan ɗora ta a amalanke in kai mata har ƙofar biro.

Ta yi dariya. "Baba, buhu biyu na dusa suna cikin mota, da harawa. Ga lambar salulata. In na yi kwana uku ban leƙo ba, ka sa a kira ni a zage ni."

"Wannan aikin ni zan yi shi," in ji Hadiza daga bakin ƙofa.

Aka shigo da barewar a rungume. Ba ta fi ɗan akuya ba, ƙafafunta kamar karan gamba, igiya ta ci mata fata a wuya. Aka sauke ta a gindin kututturen dabinon. Ta tsaya tana rawar jiki, sannan ta sa baki a ruwa.

Ramatu ta cika takardarta, ta karanta mini da Hausa. Ba yankawa, ba sayarwa. Ta miƙo mini bik, alƙalamin zamani.

"An ce kai marubuci ne, Baba. Ka rubuta da ajami in ka fi so, akwai wuri a baya."

"Kina da tawadar yatsa?"

Ta dube ni, ta ɗauka wasa nake. Ta lalubo ɗan akwatin a jakarta ta buɗe. Na dangwala babban yatsana a inda ta nuna, na goge shi a gefen tabarma. Ban ƙara ko wasali ɗaya ba.

Ruwa bai sauka ba har yau da nake rubuta wannan. Barewar tana cin dusarta, ta fara gudu daga katanga zuwa katanga da sassafe. Buhun farko bai kai rabi ba. Da la'asar nakan ɗauki buzuna in zauna a garka, don gaskiya can ya fi iska.

Amma tun ranar Alhamis ɗin, in an yi magariba Hadiza ba ta aiko mini da abinci. Da kanta take kawowa zaure, ta aje, ta zauna a gabana ta naɗe hannu. Na ce mata ba yunwa ake yi ba bana, dusa tana nan buhu guda da rabi, kuma yatsa kawai na dangwala.

"Na gani, Baba," ta ce. "Ci ina gani."